Kaka Bawa Mai Yi wa Ramuka Sallama

Duk wanda ya san Kaka Bawa ya san ba ya wuce rami bai yi sallama ba. Ramin dabba nake nufi. Kuna cikin tafiya da shi a hanyar gona yana ba ku labari, sai ya tsaya cak, ya ɗan rusuna, ya ce, "Salamu alaikum masu gida, an kwana lahiya?" Ya dakata kamar mai jiran amsa, sannan ya ɗauko labarinsa daga inda ya ajiye shi. Ni ce jikarsa Kulu, wadda yake kira amarya, kuma tun ina ƙarama nake gaya masa ba zan zauna da mijin da ke gaida gafiya ba. Shi kuwa cewa yake gafiya ta fi ni ladabi, don ba ta taɓa mayar masa da magana ba.

Ku da kuka zauna da shi a ƙauyenmu na ƙasar Shanga, zamanin muna jihar Sakkwato, ba sai na tuna muku da aljihunsa ba. Wayyo aljihun nan! Da ƙuruciya maharbi ne, kafin ruwan Kainji ya taso ya ci daji. Da ya rataye bindiga sai ya koma tsintar kashin namun daji. Ya ɗauka, ya murza, ya shinshina, ya gaya maka gada ce ko zomo, da abin da ta ci, da inda ta nufa. Wanda ya burge shi kuma sai ya jefa aljihu, can cikin goro da dabino.

Ranar sunan ɗana na fari Liman ya zauna kusa da shi. Kaka ya zura hannu aljihu ya damƙo masa dabino. Liman yana cikin hira ya jefa ɗaya a baki, ya tauna, ya sake taunawa, sai fuskarsa ta canza.

"Bawa, wanga dabino na ina ne?"

Kaka ya leƙa tafin hannun Liman, ya dafe kai. "Af! Liman, ka cinye mini beguwa!"

"Inna lillahi!"

"Kwantar da hankalinka. Rogo da saiwa kaɗai taka ci, cikinta ya hi namu tsabta."

Liman ya ƙarar da buta guda wajen kurkure baki. Tun daga ranar, in Kaka ya miƙa masa goro sai ya ce yana azumi, ko da ranar Salla ce.

Amma babbar rigimar Kaka da mutane a kan dabgi take, dabbar nan mai haƙa rami da dare. Yana da wani fili a bayan gari, ƙasa mai kyau, cike da suri da manyan ramuka, ya hana a sa masa fartanya. Ya ce maƙwabcinsa dabgi na zaune a wurin. Kowa kuwa ya san dabgi ya ƙare a ƙasarmu, maharba sun tone su tas saboda nama da faratan da ake haɗa laya da su. Kaka ya ce saura ɗaya. In ka taɓo maganar, ka shiga uku, ranar ba ka da sauran aiki. Dabgi ne maginin daji, in ji shi: shi ke haƙa rami ya kwana kaɗan ya bar wa gyado, da beguwa, da dila, har kura ta samu ɗakin haihuwa, ba wanda ya taɓa ce masa sannu. Shi ke fasa suri ya lashe gara da dogon harshensa, ban da shi da gara ta cinye rumbunanmu. In aka ce to ya fito da kashinsa daga aljihu mu gani, sai ya ɓata rai.

"Shi ɗan gidan tarbiyya ne, binne nashi shika yi. Ba awa ku ba."

Wanda abin ya fi ci wa rai shi ne Baba Sani, ƙanen mahaifina, mai 'ya'ya da yawa da ƙaramar gona. Wata safiya ya ja Kaka zuwa filin don ya nuna masa ramukan duk tsofaffi ne, mu ma muka bi su kallo. Kaka, wanda kullum yake gargaɗin kada a tsaya a bakin rami da safe, saboda gyado da baya yake shiga don ya fito da haurensa a gaba, shi ne zafin gardama ya kwashe shi ya tsaya a bakin mafi girma, ya buɗe ƙafafu, ya duƙa.

"Salamu alai..."

Bai ƙarasa ba. Ƙura ta tashi, wani ƙaton gyado ya fito kamar an harbo shi, ya shige tsakanin ƙafafun Kaka ya ɗauke shi. Jama'a! Dattijo mai salla a sahun gaba, a bayan aladen daji, yana kallon wutsiya, hula ta yi gabas, takalmi ya yi yamma! Bai yi nisa ba ya zubar da shi cikin sabara. Muka ruga muna salati. Muka tarar da shi zaune yana kakkaɓe gemu.

"Kada wanda ya zage shi," in ji shi. "Laihina ne. Na yi sallama ban jira anka amsa ba."

Baba Sani ya ce, "To ka gani, Baba? Alade ne a ciki, ba dabgi ba. Tsakani da Allah, ka taɓa ganin dabgin ga da idonka?"

"Ban taɓa ba. Da dare shika yawo, ni kuwa da dare barci nika yi, ba maye ne ni ba."

"To mi ya sa ka yarda akwai shi?"

"Kai ka taɓa ganin gwamna? Amma ka yarda shina can Sakkwato. Nawa kuwa ga aikinshi nan, kullum kana faɗawa ciki."

Aka yi dariya, amma daga ranar maganar ta canza salo. Aka fara cewa gigin tsufa ya kama Bawa. Yara suka mayar da shi abin waƙa, in sun hango shi sai su duƙa su yi wa ramin kurege sallama. Ya yi kamar bai damu ba, amma ni na san abin yana cinsa. Mutum ne da a da in ya ce ɓauna ta bi nan, ba mai musu. Ya taɓa ce mini, "Amarya, ba ni son in mutu ana cewa na zautu. Mutum guda ya ga dabgin ga da idonshi, shi ke nan, in wanke sunana."

Sai idonsa ya tafi, a hankali, har ya zama sai an ja shi. Shekarar da aka yi fari mai tsanani na zo ganin gida, ya matsa mini in kai shi filin da la'asar. Na ce wane irin ango ne wannan, ba zane ba turare, sai yawon ramuka? Na dai riƙe masa sanda muka tafi. Muka zauna a gindin wata kanya, yana ta ba ni labarin yadda yunwa ke canza wa dabba hali.

Ina ɗaga kai sai na ga abu a jikin suri, rana ko faɗuwa ba ta yi ba. Na damƙe hannunsa.

"Kaka. Ga wani abu can."

"Mi ne ne? Yi a hankali. Gaya mini."

"Kunnuwa kamar na jaki. Dogon hanci kamar na alade. Baya a tanƙware, jiki ba gashin kirki, wutsiya mai kauri. Ya rame, Kaka. Yana tonon suri."

Ya matso kusa da ni. Ya raɗa mini, "Mummuna ne?"

"Wallahi ban taɓa ganin mummuna irinsa ba. Har ya fi ka."

"Allah sarki. Shi ya sa shika jin kunyar hita."

Ya karkata kunne. Muna jin ƙarar faratansa a busasshiyar ƙasa da hucin hancinsa. Hawaye suka bi gemun tsohon nan, bai share ba. Muna nan zaune har abin ya gama ya shige ciyawa.

Na miƙe zumbur don murna. Na ce yau sai na tara garin nan kaf, sai Baba Sani ya durƙusa ya ba shi haƙuri, sai 'yan waƙar nan sun haɗiye waƙarsu. Ya jawo zanena ya zaunar da ni.

"In kin faɗi, gobe da sahe maharba na nan da magirbi su tone shi. Ba shi kai jibi."

"To sunanka fa? Kai ka ce ba ka son..."

"Na ce. Bari su ce na zautu, amarya. Ni na kusa tahiya, shi kuwa bai da kowa."

Na yi shiru kamar yadda ya nema. A gabana aka ci gaba da yi masa dariya, yana taya su, ni ina haɗiye abin da na sani kamar garwashi. A haka ya rasu. Damina biyu bayansa aka share filin aka shuka gero, kuma ban san inda maƙwabcinsa ya nufa ba. Yanzu da faɗar ba za ta cuci kowa ba, ga shi na faɗa muku: Kaka Bawa da hankalinsa ya tafi, ni na gani da idona.

Allah ka jiƙan tsohon mijina, ka yafe masa kurakuransa. Ya rufa wa wata halittarka asiri da mutuncinsa, kai ma ka rufa masa nasa, ka haskaka makwancinsa. Amin.