Kwabon da Ba a Huda Ba

A gidanmu na Fagge, da an idar da sallar magariba Kaka Fanna take ɗora kaskon suyar gyaɗa, mu jikoki mu zagaye murhu. Gyaɗar ta sayarwa ce, amma wanda ya fi natsuwa a lokacin tatsuniya shi ke samun ƙonannun. Ni sau biyu na taɓa samu, don bakina bai iya zama ba.

Kaka tana da wani tsohon kwabo na zamanin Turawa. Kwabban lokacin duk suna da huji a tsakiyarsu, nata kuwa a shafe yake. Duk jaririn da cibiyarsa ta turo a gidanmu, shi take naɗewa a tsumma ta ɗaura masa. A wancan makon ya ɓace daga cikin kwallarta, ga matar Baffa Bukar, ɗanta na fari, da cikin wata tara. Kowa ya san Baffa ya kai shi Sabon Gari wurin wani Mista Okoro mai tara tsofaffin kuɗi. Mutumin ya duba da gilashi, ya ce injin buga kuɗi ne ya tsallake shi bai huda ba, irinsa ba su da yawa, ya yi tayin da zai ishe sayen keken ɗinki. Abin da ba mu sani ba shi ne ko an sallama.

Ran nan Baffa yana zaune a bakin rijiya, yana gyaran rediyon da lafiyarta ƙalau. Kaka ba ta dube shi ba. Ta ce, "Ga wata nan tafe, ku matso." Muka ce ta ƙaraso, amma murya ƙasa-ƙasa.

Ta ce a garin kwabbai an haifi ɗaya ba huji. 'Yan'uwansa ana zura su a igiya su zaga kasuwanni, shi igiya ba ta shigarsa. Ya faɗa hannun wata mai tallar gyaɗa a tashar jirgi. Da ta kai shi sayen gishiri, mai shago ya gartsa masa haƙori a gefe, ya ce jabu ne, ya fara ƙwala wa ɗan doka kira. Ta fizge kwabon ta ruga, da goyo a bayanta.

"Goyon nan kuwa cibiyarsa kamar ƙwan agwagwa," in ji Kaka. "An ɗaura masa mai huji, nama ya riƙa leƙowa ta hujin, yaro yana ta tsala ihu. Sai ta ɗaura wanda duniya ta ƙi. Cibiya ta koma."

Gyaɗa ta fara ƙauri. Ko ni na gane mai goyon da goyon.

Ƙanena ya tambaya, "Sai me ya faru, Kaka?"

"Ƙarshen ba a wurina yake ba. Bukar, ƙarasa musu."

Baffa ya ajiye rediyo ya sa hannu a aljihu. Duk muka zuba wa hannun ido. Ya daɗe a ciki, sannan ya fito wayam.

"Inna, na sallama tun shekaranjiya. Ya riga ya aika da shi Legas."

Kaka ta sauke kaskon, ta juye mana gyaɗar duka a faranti, har da masu kyan, ta shige ɗaki. Ban taɓa cin gyaɗa marar daɗi irin ta ranar ba.

Aka haifi jaririya, cibiyarta ta turo, ta kuma koma da kanta, kamar yadda ma'aikaciyar asibiti ta ce za ta yi. Keken ɗinkin ya ciyar da gidan Baffa shekaru. Saboda haka na daɗe ina ganin Kaka ce ta cika rigima. Sai da na haihu, na ga hannuna yana neman wani abu na gidanmu da zan ɗaura wa ɗana a cibiya, na rasa, sannan na gane ba magani ta yi wa fushi ba. Ta ci gaba da yi mana tatsuniya har ta rasu, amma ba ta sake komawa garin kwabbai ba.

Yanzu a waya nakan ga hotunan kwabban da inji ya kuskure, masu tarawa suna ta yi musu tsada. In na ci karo da marar huji, sai na buɗe hoton da yatsu biyu, ina duba gefensa ko zan ga shatin haƙori.