Kayan da Terttu Ta Zaɓa wa Hannun Ilpo

Ƙarfe takwas saura kwata Terttu Haapaniemi ke jingine kekenta a bangon ɗan shagon kwamfutar nan na bayan tashar bas ta garin Kajaani, ana rana ko ana ƙanƙara. Ta kakkaɓe takalmi, ta ɗora kofi, sannan ta bi injinan da ta bari suna gudu tun jiya, ɗaya bayan ɗaya. Ba allo take fara dubawa ba. Tafin hannu take ɗora wa kowane akwati, ta karkata kai tana sauraren fanka kamar mai jin numfashin jariri. Shekara talatin da huɗu ke nan tana haka. Ranar Juma'ar nan za ta ajiye sukundireba, don haka gara a faɗi abin da aka gani tun tana kusa.

Aikinta zaɓar kaya ne. A garin nan akwai mutanen da gudun da kamfani ya yanka wa kwamfuta ba ya isarsu. Sai sun zabure ta, suna ƙara mata wuta kaɗan-kaɗan, har ta yi gudun da ba a haife ta da shi ba. Wanda ya wuce gona da iri kuwa ya shaƙi ƙauri. Abin da ke ɗaure kai shi ne, ƙwaƙwalwar kwamfuta guda biyu sa fito daga kamfani ɗaya rana ɗaya, wannan ta jure zabura, waccan ta kwanta, kamar tagwayen da hali ya raba. Masu wannan sha'awa su ne mutanen Terttu.

Kowannensu da takarda yake shigowa, kuma takardun kusan iri ɗaya ne: a sama ƙwaƙwalwa mafi tsada, a ƙasa ba komai. Ita kuwa daga ƙasa take farawa. Wane akwatin wuta ne zai ciyar da ita? Me zai sanyaya ta? Takan ce wanda ya sayi babbar ƙwaƙwalwa ya bar tsohuwar fanka, ya hura murhun sauna, ɗakin wankan tururi, ya toshe bututun hayaƙi.

Likitan haƙorin nan, Pentti, shaida ne. Wata shekara ya ga sanyi kyauta ne a waje, ya fitar da kwamfutarsa baranda, ta yi gudun da ya sa shi buga wa abokai waya. Da ya gama sai ya shigo da ita ɗaki mai ɗumi, ya kunna nan take. Raɓa ta riga ta sauka a cikinta. Da ya kawo gawar shago, Terttu ba ta yi masa dariya ba. Tambayarsa kawai ta yi abin da ke samun tabaraunsa idan ya shigo gida daga sanyi. Tun daga ranar, ba ta sayar wa kowa komai sai ta ji inda akwatin zai zauna.

Ke ce mai tambayar da ba a so, Terttu, wadda daga baya ake gode mata.

Amma abin da ya sa aka ɗauki alƙalami yau, zancen Ilpo Karvonen ne. Ilpo tsohon ma'aikacin lantarki ne, kuma sau shida yana cinye gasar zabura da ake yi duk Fabrairu a zauren wasanni. Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Ya tashi, amma hannun dama ya koma rawa. Gurbin da ƙwaƙwalwa ke zama a babban allon da ke cikin akwatin kwamfuta cike yake da 'yan allurai sirara kamar gashi, in ɗaya ta lanƙwashe an yi asarar allon. Ilpo ya lalata allo biyu a gida bai gaya wa kowa ba. Matarsa Marjatta ce ta biyo shago ta faɗa. Ta ce ya rantse in na uku ya lalace zai kwashe kayan aikinsa ya kai juji. Ita kuwa ta san ban da wannan sha'awa babu abin da ke tayar da shi daga kujerar gaban taga. Kuma kada a ce za a haɗa masa, don ɗan'uwanta ya taɓa tayin haka, wata biyu Ilpo bai yi masa magana ba.

Bayan kwana uku sai ga shi da takardarsa. Terttu ta karanta har ƙasa, ta ninke.

"Wannan takardar Ilpon shekara goma da suka wuce ce," in ji ta. "Shi kuwa ban ga shigowarsa ba."

"Ke dai ɗauko kaya, tsohuwa. Ba huɗuba na zo ji ba."

"Miƙo hannun."

Ya daɗe yana kallonta kafin ya ɗora shi a kan kantar shagon. Hannun na ta kaɗawa. Waɗanda ke shagon suka mai da ido kan shiryayye. Ita kuwa ta dube shi yadda take duban kowane inji, ba tausayi a fuskarta, sai lissafi. Ta zube masa sukurori iri huɗu, ta ba shi sukundireba, ta tsaya tana kallon wanda yake iya kamawa da wanda ke kufce masa.

Daga nan ta shiga zaɓe. Akwati babba ta ɗauko, mai murfin da ake buɗewa da dannawa ɗaya. Allon da ta zaɓa yana da maɓalli a baya, wanda in ka zabure injin ya sume, da yatsa za ka farfaɗo da shi, ba sai ka tsinci wani ɗan ƙarfe da farce ba. Ta soke abin sanyaya mai ruwa da bututai, ta sa mai iska, wanda manyan sukurori biyu ke riƙewa. Ta ba shi sandunan ram, wato ma'ajiyar tunanin inji, gajeru don kada su yi karo da fankar, da akwatin wutar da ake cire wayoyinsa ɗaya-ɗaya. Ƙwaƙwalwar ma ba ta saman takardarsa ba ce, mai bi mata ce. Ilpo ya yi ta gunaguni, yana cewa kayan 'yan koyo ne. Ta ce ai shi ma ɗan koyo ne, wannan hannun bai taɓa haɗa inji ba.

Ran da ya zo ɗauka, ya buɗe kwalin allon sai ya tarar da ƙwaƙwalwar zaune a gurbinta, an kulle ta.

"Wa ya sa ki?"

"Gwada ta na yi. Abin da na gwada kuwa ba na cirewa, dokar shago ce."

"Tun yaushe?"

"Tun da safe."

Ya rufe kwalin a hankali, ya rungume shi ya fita.

Kwana tara ya yi yana haɗa aikin da a da yake gamawa kafin kofi ya huce. Marjatta ta ce tana jin sukuru na faɗuwa, tana jin zagi, tana jin an sake farawa. Ranar gasa injin ya sume sau uku, sau uku Ilpo ya zagaya baya ya danna maɓallin. Cikin mutum goma sha huɗu, shi ne na goma sha ɗaya.

Ranar Litinin ya shigo shago, ya ajiye ƙunshin kofi a kan kantar shagon.

"Ram ɗin nan naki malalata ne," in ji shi. "Baɗi wasu za ki nemo mini."

Terttu ta juya baya, ta daɗe tana gyara kwalayen da ba su karkace ba.

Ke ce kika ga mutum a inda wasu ke ganin takarda. Ba a taɓa kiran sunanki a zauren wasanni ba, alhali rabin injinan da ke ruri a can ta hannunki suka bi. Mun gode, Terttu. Marjatta ta ce a gaya miki kujerar gaban taga ta zama ta kyanwa. Ki huta lafiya, ki sha kofinki da zafinsa.

Ku kuma da ke tsaye bayan kantar shago, ko me kuke sayarwa, ku ɗauki darasi. Musamman wanda zai gaji wannan shago ranar Litinin: Ilpo ya riga ya rubuta takardar gasa mai zuwa, yana nan tafe da ita, kuma ba zai ce a taimaka masa ba. Kafin ka karanta, ka ce ya miƙo hannun.