Abin da Kwamfutar Mubarak Ta Ce wa Mma Adiza

Ku yarda ko kada ku yarda, wallahi ni ya faru da ni, ba wani ya ba ni labari ba. Lokacin ina da ɗan shagon gyaran kwamfuta a Maamobi, kan hanyar Kawukudi, kuma ni mutum ne da in ka kawo mini zancen aljanu sai in yi maka dariya.

Wata rana bayan azahar sai ga Mma Adiza, mai sayar da albasa a Kasuwar Malam Atta, da tsohuwar kwamfutar ɗanta Mubarak naɗe a zane. Mubarak ya bi hanyar Libiya ta sahara, tun daga Agadas ba a sake jin muryarsa ba. Dangi sun ce a yi masa sadaka, ita kuwa ta ƙi, ta ce ba za ta binne ɗanta da baki ba alhali ba ta ga gawa ba.

"Ɗana, duba shi, ko ya bar magana ciki."

Ban ga komai ba sai wani ɗan fayil irin wanda ake kira bat da Mubarak ya rubuta, wanda ke karɓar umarnin da ka buga ya aiwatar. To, a irin wannan aiki, in ka sa kalma tsakanin alamar % biyu, kamar rufaffen kwano ne, kwamfuta ta buɗe ta zubo abin da aka ajiye, in ba a ajiye komai ba ta bar wurin fanko. Nasa fayil ɗin ba ya buɗewa, yadda ka buga kalmar haka yake maido maka ita. Sai na ƙara masa call a gaban layin, don ya karanta umarnin sau biyu. Na gwada da %USERNAME%, inda ake ajiye sunan mai kwamfuta, sunan Mubarak ya fito, na karanta mata. Da na sani da na yi shiru.

"Ya san shi! Tambaye shi ina yake."

Na ce, "Mma, ba ta yin duba, na'ura ce kawai." Ta kafe ni da ido. Don ta haƙura kawai na buga echo %INA%, wato ta nuna abin da ke cikin INA, kalmar da babu wanda ya taɓa zuba wa komai.

Kwamfutar ta rubuto: Mma, ƙishirwa.

Innalillahi. Maƙogwarona ya bushe nan take, harshena kamar na tauna yashi. Na buga umarnin set na bi duk kalmomin da ke ajiye, babu INA, kuma kwamfutar ba ta haɗe da intanet. Tsoro ya kama ni, ba na ɓoyewa, amma Mma ta ga fuskata, dole na faɗa mata.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "To," ta tashi.

Ranar Juma'a aka yi sadakarsa. Ta kafa randa a gefen teburinta, 'yan dako da duk mai wucewa suna sha kyauta. Bayan haka ta dawo shagona ta ce in sake tambaya. Na buga. Wurin ya fito fanko, yadda ya kamata tun farko.

Ta ce, "Ya sha." A nan ne ta fashe da kuka.

Har yau ban san wa ya zuba maganar nan ba. Ku masu wannan sana'a, kada ku buga tambayar da ba za ku iya karanta wa uwa amsarta ba. In kuma kun ga randar Mma Adiza, ku tsaya ku sha.