Muryar da Ba Ta Sauka Ba

A ƙauyenmu, can bayan Kajiji, a da sabis bai san hanyar ɗakin mata ba. Rubutu yakan lallaɓo ya shigo waya in ya ga dama, amma murya ko hoto sai mutum ya hau tudun da ke bayan rumbunan albasa, ya ɗaga hannu sama kamar mai kakkaɓo mangwaro.

Ranar da maigidana ya rasu a asibiti a Sakkwato, ya turo mini saƙon murya da safe. Na ga alamarsa, na danna, 'yar da'irar nan ta yi ta juyi. Na ce bari in sauke tukunya in hau tudu. Kafin in sauke, aka shigo da salati. Washegari na tsinci kaina cikin takaba, kuma a gidan nan mai takaba ko zaure ba ta leƙawa.

Uwar mijina ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofata. Da na roƙe ta, sai ta ce, "Ɗiyata, mi za ki yi bisa tudu cikin maza? Mijinki ko sati bai yi ba. Ba ki hita."

Malamin unguwa ya ce ana fita don lalura. Ta ce sauraren waya ba lalura ba ne. Na ji haushinta har wuya, ga tausayi kuma, don ita ma ɗa ta rasa.

Ƙanin mijina ya ce, "Ba ni wayag ga in kai miki, yanzu ta buɗe."

Na hana. Shi da bakinsa ba ya riƙe ko gishiri? Yayansa mutum ne mai kunya, bai taɓa kiran sunana a gaban mutane ba, maganarsa mai taushi sai a waya. In ma sallama ce ya yi mini, ba zan yarda majalisa ta riga ni ji ba.

Na gwada kowace kusurwa ta gidan: kan turmi, gindin katanga, bayan akurkin kaji. Da'irar ta juya, ta gaji, ta tsaya. Albasa ta yi tsada ta faɗi, damina ta sauka, ni ina ɗaki ɗaya da muryar mijina, ban ji ta ba.

Ranar da na fita takaba, ban jira 'yan barka sun watse ba. Na ja mayafi na hau tudun, maza suka matsa mini. Sabis ya cika taf. Na danna.

Wayar ta rubuto cewa saƙon ya daɗe, ba ya nan kuma. Wai in nemi wanda ya turo shi ya sake turowa.

Bara aka kafa ƙarfen sabis a bakin kasuwa. Yanzu har kan gadona murya take sauka.