Ranar da Staf Bulus Ya Sauke Ni Daga Kan Babbar Bindiga

Har gobe ban manta da ranar da Staf Saje Bulus ya sauke ni daga kan babbar bindiga ba. Ku da kuka fito daga horo kwanan nan, duk sanda kuka zo hutu Gummi sai kun ce in ba ku labarin yaƙi. To wannan ba na yaƙi ba ne. Ko harsashi ɗaya ban harba ba a tafiyar, amma babu aikin da ya ba ni wuya kamarta.

A shekarar 2010 ne, ina Kofur, igiya biyu ke nan a hannu. Aka tura bataliyarmu aikin kiyaye zaman lafiya a wata ƙasa ta bakin teku wadda ta gama yaƙin basasa da 'yan shekaru. Mutane sun koma gona da kasuwa, mu dai an ajiye mu ne don kada a sake. Sashenmu aka ba gadin wata gada a ƙarƙashin gangare. Akwai sandar shinge a bakin gadar, da buhunan yashi, sai babbar bindiga mai jigida a kan tudu tana kallon hanya.

Ga yadda dokar take. Mota ta taho, a ɗaga mata hannu. In ta ƙi tsayawa a yi tsawa, in ta ƙi a harba sama. Ba a harbin mutum sai rai na cikin haɗari, kuma wanda ke kan babbar bindiga shi ke yanke wannan hukunci cikin ƙiftawar ido. Ni aka ɗora a kanta, ina kuwa ji da wannan matsayi.

Zaman ba daɗi. Ruwan sama ba ya ɗaukewa, takalmi ba ya bushewa, kullum fuskokin da ka gani jiya su za ka gani yau. Abin da ke ɗan sanyaya mana rai shi ne waya, ita ma sai ka hau wani dutse a bayan sansani kafin ta shiga.

Matata Hajara tana wurin iyayenta a Tungar Guru, cikin ƙasar Bukkuyum, da ɗiyarmu Rabi da ba a daɗe da yaye ta ba. Wata safiya na kira, na ji muryarta ba daidai ba.

"Baban Rabi, ɗiyarka ba ta lahiya. Jiki na ta kakkarwa, idanu sun juye. Yara da dama haka suke cikin gari. Jiya aka rufe ɗan gidan Kawu."

Na ce, "Mi ke damunsu? Inna ba ta gane ba?"

"Ba wanda ya gane. An yi rubutu, an yi hayaƙi, ba sauƙi."

Wayar ta yanke. Lokacin ba mu san dutsen zinariyar da ake niƙawa cikin gidaje ne ke ɗauke da gubar dalma ba.

Na nemi izinin zuwa gida. Irin wannan buƙata sai ta bi ta hannun kwamandan kamfani, ta je bataliya, sannan a jira jirgin da zai koma Najeriya. Aka ce in dakata. Na shiga wani hali. Abinci ba ya shiga, zama ba ya yiwuwa. Da an canje ni sai in ruga kan dutse, in wayar ta shiga fargaba, in ta ƙi shiga fargaba. A kan bindiga kuwa, in akuya ta gifta sai na zabura.

Staf Bulus mutumin Zuru ne, ba ya da yawan magana. Ranar kasuwa da safe yana raba aiki, sai ya tsaya a gabana ya daɗe yana kallona.

"Kofur Umaru, yau sandar shinge za ka riƙe. Monday zai hau babbar bindiga."

Monday Las Kofur ne, ƙasa da ni. Na ji kamar an mare ni a gaban jama'a. Na ce, "Oga Staf, wane laifi na yi?"

"Ba ka yi laifi ba. Jikinka ne kawai a nan. Tafi wurin sanda."

Na sara masa na tafi, zuciyata na tafasa.

Wajen hantsi muka ji hon daga saman gangare. Wata tsohuwar babbar mota ce ta taho a guje. Na ɗaga hannu, ba ta rage gudu ba. Na yi tsawa, sai ma ƙara matsowa take. Ban san sanda na ɗana bindigata ba. Na saita gilashin direba, ina yi wa Monday ihu, "Harba! Harba mana!"

Monday bai harba ba. Sai ji na yi ya ƙwala murya daga tudu: "Mata ne a baya! Birki ne!"

Staf Bulus ya doke bakin bindigata ƙasa, ya fizgo ni gefe. Motar ta karya sandar, ta kwashi buhunan yashi, ta faɗa cikin taɓon da ke gefen gada ta tsaya. Muka ruga. 'Yan kasuwa ne cike, mata da goyo, da kwandunan rogo da jarkokin manja duk sun fashe. Wata ta karye a hannu, direba ya fasa goshi. Ba wanda ya mutu. Wata tsohuwa da na sauko da ita ta riƙe rigata tana ta sa mini albarka da yarensu.

Daga kan tudun nan ana hango bayan mota sarai. Amma na san kaina. Da ni ne a can a ranar, ba ɗankwalin mata zan gani ba. Jigida guda zan juye musu.

Da aka canje mu sai Staf Bulus ya sa hularsa ya tafi wurin kwamandan kamfani da ƙafarsa. Ban san abin da ya faɗa ba, amma jirgin da ya tashi bayan nan da ni ya tashi. Na tarar da Rabi a asibiti a Bukkuyum, likitoci sun gano cutar suna ba yara magani, a ƙauye kuma ana kankare ƙasar tsakar gidaje ana zubo sabuwa. Ta rayu. Karatu ya ba ta wuya, magana ma ta yi jinkiri, amma yanzu ɗinki take yi a nan Gummi.

Abin da na koya shi ne, harbi kowa ana koya masa a horo. Riƙe yatsa daga kunamar bindiga shi ne aikin, kuma mai damuwa ba ya iya shi. Shi ya sa da na zama Saje, kafin in duba takalmi ko bindigar kowa, idonsa nake fara dubawa. In babbanku ya ɗauke ku daga wani wuri ba tare da laifi ba, kada ku yi saurin fushi.

Bayan mun yi ritaya na je Zuru gaishe da Staf Bulus, na same shi a gonar dawa. Na tayar da zancen, na tambaye shi yadda aka yi ya gane. Ya jingina fartanya, ya yi dariya.

"Ni ma an taɓa sauke ni daga kanta, makon da uwata ta rasu," in ji shi. "Sai da na yi wata ina ɗaure wa mutumin fuska."