Akushin Malami a Ciyayya

Malami mutumin Gatawa ne, amma a Sabon Birni ya tsufa. Da ƙuruciya fataucin gero yake yi zuwa Nijar, kuma duk inda ya sauka sai an sani, don bakinsa ba ya hutawa. A unguwarmu, bayan magariba, kowane gida kan fito da akushi ƙofar gidan Sodangi, a haɗa a ci tare. Malami ne mai kushe miyar kowa a wannan ciyayya.

Ciwon suga ya kama shi tun yaransa suna ƙanana, ya rayu da shi har ya ga jikoki. Sai da ƙafarsa ta yi gyambo likita ya tsananta: ba fura, tuwo kaɗan. Sodangi, abokinsa na ƙuruciya, shi ya ce a daina kiransa, kada ya zauna yana kallon abin da aka hana shi. Kowa ya ce tausayi ne. Matarsa Fatu ta riƙa kai masa wake da zogale ɗaki.

Gyambo ya warke. Malami kuwa ya yi shiru. Rediyonsa ma ya daina kunnawa, jikoki suka daina shiga wurinsa.

Wata rana Fatu ta tsayar da Sodangi a zaure.

"Malam Sodangi, likita ya ce sugan ya kwanta. Amma jiya shina tambayata, wai mi ya yi muku?"

Sodangi ya daɗe yana gyara hular da ba ta karkace ba. Ran nan bai ci komai ba.

Washegari da kansa ya karɓi akushin Fatu, ya ajiye tsakiyar tabarmar ciyayya, ya je ya leƙa ɗakin Malami.

"Tashi, tsohon banza. Za ni cinye waken nan, ko ka zo ko kar ka zo."

Malami ya fito da sandarsa, ya zauna can gefe kamar baƙo. Ba wanda ya iya haɗa ido da shi. Can sai ya leƙa kwanon gidan Sodangi.

"Wagga miya ce, ko ruwan wankin hannu?"

Aka yi dariya fiye da yadda maganar ta kai. Sodangi bai yi ba. Zogale yake ci, wanda duk unguwa ta san ba ya so. Har yau shi ke fara sa hannu a akushin Malami.