Gicciyen da Aka Kai wa Hajiyar Agadas

Ko zan manta da komai na zamana a New York, ban da ranar da na raka wani abokina gaishe da matar da yake so ta zama surukarsa. Ɗan Kano ne kamar ni, tasi muke ja, sai dai shi babu abin da bai sani ba. Ya taɓa kwana a Yamai, shi ke nan ya zama masanin Nijar.

Yarinyar da yake nema a unguwar Tremont take, uwarta mutuniyar Agadas ce, kuma maganar auren a hannunta take. Ya ce zai saye zuciyar tsohuwa da sarƙar azurfa irin ta garinsu, gicciyen Agadas ɗin nan mai zobe a sama. A wani shagon 'yan ƙasar Ailan da ke unguwar Woodlawn ya hango wata: gicciye ne da zobe kewaye da mahaɗarsa, jikinsa duk zanen igiya a sarƙe.

Mai shagon ta yi masa bayani tsakani da Allah. Ta ce gicciyen kakanninsu ne, na Kirista. Zoben yana nufin dawwama, igiyar kuma ba ta da farko ba ta da ƙarshe, shi ya sa suke kafa irinsa a kan kabari. Abokina ya juyo ya ce mini da Hausa, "Rabu da ita. Daga Agadas suka sato, suka haɗa masa story."

Na ce ya sake tunani. Ya ce ni da ban taɓa wuce Daura na leƙa Nijar ba, me na sani? Ya biya kuɗi ya karɓa.

Muka je, muka durƙusa muka gaida Hajiya. Ta buɗe kyautar, ta juya ta gaba da baya, sannan ta ciro tata daga wuya ta ajiye a gefe. Ko kama ba su yi ba.

"Bon, ɗana," ta ce a hankali, tana sako Faransancinsu na Nijar, "wannan ai a maƙabarta nake ganinsa in bas ta wuce da ni. Coci kake so in shiga, ko kabari kake mini gaggawa?"

Wallahi kunya ta kama ni kamar ni na saya. Shi kuwa gogan, maimakon ya ba da haƙuri, sai ya gyara zama ya fara koya mata tarihin Agadas. A nan maganar auren ta mutu.

Tun ranar na gane ana yafe wa mutum rashin sani. Abin da ba a yafewa shi ne mai abu ya faɗa maka, ka ce ka fi shi sanin abinsa.